Injin da Adisa Ta Aiko Daga Italiya

Na san abin da aka faɗa muku a Salaga wajen bikin Rabi, domin 'yar'uwarku Sahadatu ta dawo ba ta iya haɗa ido da ni. An ce muku ubanku ya cinye kujerar Makkar uwarsa. Ban yi fushi da wanda ya faɗa ba, don a gidan ya tarar da zancen. Amma tunda kun girma, har wasunku suna da 'ya'ya, gara ku ji yadda shekarar ta kasance daga bakina.

Gidanmu gidan fataken goro ne tun kakanni, amma ni da na yi wayo goro ya riga ya bar Salaga, doya ta maye gurbinsa. Bayan rasuwar Baba, Yaya Iddi ne ya riƙe cinikin, yana loda lori zuwa Kumasi da Ankara, babban birnin Ghana. Ni Seidu, ni kaɗai na fita daga layin gida na koyi walda. Ƙofofi, tagogi, amalanke, ƙafar kujera, duk da sandar walda irin ta kowa. Na kusa hamsin a lokacin, aikin kuma yana raguwa, don ƙofofin kanti sun cika kasuwa, masu gini ba su cika nemana ba. Autarmu Adisa tana Italiya tana kula da tsofaffi. Ta daɗe tana cewa a waya tana tara wani abu saboda Mma, uwarmu. Ba ta taɓa ce mana Makka ba, amma duk gidan abin da muka ji ke nan. Maƙwabta har sun fara tsokanar Mma suna kiranta Hajiya, ita kuma tana cewa su bari, tana dariya.

Sai ga akwati ya iso ta hannun wani ɗan garinmu da ya zo hutu. Aka buɗe a tsakar gida kowa yana tsaye. Injin walda ne, ɗan ƙarami, ja, da wayoyinsa a naɗe. Irin wanda ake kira tig, mutanenmu kuma suna cewa waldar agon, saboda tukunyar gas da ake haɗa masa. Shi ne ke iya kama farin ƙarfen nan mara tsatsa, sitenles, wanda sandata take hudawa kamar takarda. Na taɓa ganin irinsa a Kumasi daga nesa, ban taɓa riƙewa ba. Yaya Iddi ya kira Adisa nan take, ya buɗe murya kowa yana ji.

“Adisa, mun ga kaya. Ina na Mma?”

“Shi ne na Mma, Yaya. In na biya kujera, ta je ta dawo, shi ke nan an gama. In Yaya Seidu ya samu aiki da wannan, shi zai kai ta, kuma gidansa ya ci abinci.”

Mma ta matso. Ta shafa saman injin da tafin hannu, ta ce Allah ya sa albarka, ta koma ɗaki.

Gas ba a samunsa a Salaga. Yaya ne ya taho mini da tukunya daga Kumasi a bayan lorin doya. Na haɗa komai yadda na ga ya kamata, na ɗora ɗan guntun ƙarfe, na rufe fuska, na danna makunnin da ke jikin tocin, wato kan da ake riƙewa a yi waldar. Wuta ta kama, shuɗiya, siririya, ba hayaƙi ba tartsatsi. Kafin in gama jin daɗi ta mutu. Yatsana yana kan makunni, amma wuta ta tafi, sai gas kawai yana huci. Na saki, na sake dannawa. Ta kama, ta mutu. Haka na wuni. Ba ta taɓa daɗewa fiye da ƙiftawar ido biyu ba, ba ta kuma taɓa ƙin kamawa ba.

Daga nan kowa a gidan ya zama injiniya. Ni na ce wutar Salaga ce ba ta da ƙarfi, na ɗauki injin na kai gidan niƙa inda layinsu ya fi namu, bai canza ba. Yaya ya ce Turawa sun ga baƙar mace sun sayar mata da gawa. Uwarku Memuna ta ce akwai hannu a ciki, don ranar da aka buɗe akwatin idanu sun yi yawa. Ta karɓo rubutu a kwalba ta ce a yayyafa masa. Na ce ruwa da lantarki ba sa shiri, muka tsaya a kan turare, ta zagaya injin da kasko ni kuma ina tari. Na danna duk abin da ke dannuwa a fuskarsa. Maɓalli ɗaya ne babba da ake murzawa, sai 'yan ƙanana, da gilashi mai nuna lambobi da haruffan da ba su haɗa wata kalma da na sani ba. Wata rana na taɓa wani abu sai ya fara ƙara kamar zuma, ya cinye bakin allurar tocin. Da ƙyar na mayar da shi yadda yake, daga nan na ji tsoron taɓawa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɗigon da yake bari. Duk lokacin da wutar ta mutu, sai in ɗaga murfin fuska in ga ɗan tabo zagayayye, mai sheƙi, kamar ƙwayar dawa. Na biyu daidai da na farko, na goma daidai da na biyu. Na cika faranti guda da su. Ina kallo ina cewa a raina, ta yaya abin da ya lalace zai riƙa yin aiki mai kyau haka, kuma iri ɗaya? Amma tunanin bai kai ni ko'ina ba. Ni abin da na sani walda layi ce, ka kama daga nan ka ja zuwa can. Injin da ba ya ja, ba inji ba ne.

Na gaya wa Adisa. Ta yi kuka. Ta ce wurin wani tsoho ta saya wanda yake rufe shagonsa, ya gwada mata a gabanta ta ga wuta. Ta koma neman sa ta tarar ya bar garin, ba takarda ba komai. Yaya kuma ya fara zuwa shagona da yamma, ya zauna a kan benci.

“Seidu, ka kai Kumasi a sayar ko don kayan cikinsa. Abin da aka samu in cika, Mma ta tafi bana. Ejan alhazai ya ce har yanzu akwai wuri.”

“Yaya, bari in gwada Yendi tukuna.”

“Gwaji nawa za ka yi? Gas ɗin ma yana ƙarewa.”

A Yendi akwai wani Masta Fuseini, Badagombe, wanda ya yi suna wajen gyaran janareta da injinan walda. Na ɗaure injin da tukunyar a bayan motokin, babur mai ƙafa uku na wani mai kai doya. Fuseini mutumin kirki ne. Ya buɗe injin, ya hura ƙura, ya bi wayoyi da na'urarsa, ya ce makunnin toci ne. Ya canza. Wuta ta kama, ta mutu. Ya ce to wani ɗan ƙarfe ne a jikin allon lantarkin da ke ciki, ya sa aka kawo daga Tamale, na zauna a gidan wani abokin Baba ina jira. Ya canza wannan ma. Wuta ta kama, ta mutu. Ya zauna ya zuba wa injin ido, ya cire hula ya sosa kai.

“Masta Seidu, ni ban ga ciwo ba. Komai na ciki lafiya. Kamar wani ne ya ce masa ya riƙa tsayawa.”

Nan take maganar uwarku ta dawo mini. Na ce wane ne zai ce masa? Ya ce shi ma bai sani ba. Amma akwai wani a Bawku, Masta Awini, wanda ya yi aiki a Tema shekaru, yana yin tankunan sitenles, yana da irin wannan injin. In shi bai gane ba, in haƙura.

Mma ba ta son Bawku, don ana yawan jin tashin hankali a can. Ban koma Salaga na yi sallama ba, na kira ta daga tashar Yendi. Ta ce in yi addu'a in shiga mota. Muka bi ta Gushegu, muka gangara dutsen Nakpanduri, direba yana taka birki ni kuma ina rungume da injin a cinya kamar jariri mara lafiya. Tukunyar gas tana saman mota, duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga kai. A Garu muka canza mota. Duk hanyar nan ban san abin da nake fata ba. In an ce ya mutu, na huta, in koma in ba Yaya. In an ce zai gyaru, ban san da me zan gyara ba.

Awini Bakusashe ne, gajere, mai furfura, Hausarsa irin ta kasuwar Bawku. Bai ko buɗe injin ba. Ya haɗa, ya danna, wuta ta kama ta mutu. Ya sake. Ya duba ɗigon. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe tebur.

“Daga Salaga ka kawo wannan?”

“Daga Salaga, ta Yendi.”

“Masta, inji ba shi da ciwo koraa, ko kaɗan. Taima ne, mai ƙirga masa lokaci.”

Ya ɗora yatsa a kan wani ƙaramin maɓalli wanda na danna sau ba adadi. Amma shi bai saki ba, ya riƙe. Can sai haruffan gilashin suka canza. Ya murza babban maɓallin, lambobi suna sauka har suka ɓace. Ya miƙo mini tocin. Na danna. Wuta ta kama, ta zauna. Na ja ta, ta biyo ni, har ƙarshen ƙarfen. Na saki da kaina, sannan ta mutu.

Ban san abin da na ji ba a lokacin. Na so in yi dariya tare da shi, na so in yi kuka, na so in zagi wani amma ba wanda zan zaga. Tsohon Italiya bai cuci Adisa ba. Ba hannu, ba ido, ba wutar Salaga. Mutumin aikin ɗigo yake yi a ranarsa ta ƙarshe, ya kashe injin a haka ya sayar. Na zauna a kan wani tanki ina kallon hannuna.

Na ce wa Awini, to wannan abu da ya wahalar da ni, mene ne amfaninsa? Me ya sa mutum zai so injinsa ya riƙa mutuwa? Ya ɗauko falle biyu na sitenles, sirara kamar murfin gwangwani, ya ce in ɗiga musu da hannuna su kama juna. Na farko bai kama ba. Na biyu na daɗe, ya huda. Na uku ya kama amma fallen ya lanƙwashe ya yi baƙi. Sai ya mayar da taiman, ya saita, ya ce in sake. Na danna, ta mutu da kanta. Na matsa gaba, na danna. Layin ɗigo ya fito reras, fallen a miƙe, ba huji ba ƙuna.

“Ka gani? Hannunka na safe daban, na rana daban. Wani ya gaishe ka, ka ƙara lokaci ba ka sani ba. Shi ba ya jin gaisuwa. Ƙarfe mai kauri, ka kashe shi ka ja layinka. Ƙarfe siriri, ka bar shi ya ƙirga maka.”

Ya nuna mini yadda ake fara ɗiga tanki ko'ina kafin a ja layi, don zafi kada ya murɗe shi. Ya nuna mini akwatunan gilashi na masu sayar da shinkafa da wake, da teburan mahauta, waɗanda kusan duk aikinsu ɗigo ne. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Ya ce aiki ya yi masa yawa, yana neman inji na biyu. In ina so in sayar, zai saya da daraja, ba farashin gawa ba. In kuma ina so in zauna, ga gefen shago, in yi masa aikin ɗigo da injina ana raba abin da aka samu, hannuna yana koyon sauran a hankali. Ya ce mai hannun sanda irina yakan daɗe kafin ya iya tig, amma da taima zan fara cin abinci tun makon farko.

Abin da Awini zai bayar, in Yaya ya ɗora nasa, ya isa kujerar bana. Wannan na sani, ba zan ɓoye muku ba. Na kira Adisa, ta yi ta hamdala, ta ce kada in kuskura, inji ta aiko ba tikiti ba. Na kira Yaya, ya ce Allah ya kawo mai saye har inda nake, me nake jira, ejan zai rufe. Na kira uwarku, ta ce ita ba ta da baki a maganar uwa da ɗanta, amma in tuna an koro yaranmu Sahadatu da Mumuni daga makaranta saboda kuɗi. Kowa na ji maganarsa sai in ga shi ke da gaskiya, har in kira na gaba. Na je masallacin kasuwa na yi sallah na zauna, na fito ba abin da ya waye mini. A ƙarshe na ce a ba Mma waya.

“Mma, injin lafiyarsa ƙalau. An ce za a saya, an kuma ce in zauna in yi aiki. Me kike so?”

Sai ta mayar mini da tambayar.

“Kai me kake so?”

“Ban sani ba, Mma.”

“To zauna ka yi aikinka. In da rabo zan je baɗi. Ka riƙa shiga gida da wuri a garin nan.”

Na zauna. Aikin ya karɓe ni fiye da yadda na zata. Masu abinci daga Garu, masu ruwan leda daga Bolga, kowa yana son farin ƙarfe. Kafin damina ta zagayo na iya jan layi a kan tanki ba tare da na huda ba, na kama ɗaki, na aika uwarku ta taho da ku. Da aka buɗe rajistar shekara ta gaba ni na fara zuwa wurin ejan a Tamale, ban nemi ko taimakon Yaya ba. Aka ɗauki hoton Mma, aka yi mata fasfo, aka ɗinka mata fararen kaya. Ana saura kaɗan a fara tashi, ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya mutu. Ba ta ƙara magana sosai ba. Alhazai suna Arfa muka kai ta makwancinta.

Wajen zaman makoki Yaya bai yi mini magana ba, ban da amsa gaisuwa a gaban mutane. Haka muka yi shekaru. Ina zuwa Salaga suna ko jana'iza, mu gaisa kamar surukai. Adisa ta ɗauki nata kason na zargin, har yau shi ya sa ba ta cika son zuwa gida ba. Ni kuma ina aiki, ina ciyar da ku, na buɗe shagona, amma duk lokacin aikin hajji sai lissafin ya dawo mini sabo. Wani lokaci in ce ai ita ta ce in zauna. Wani lokaci in ce wace uwa ce za a yi wa wannan tambaya ta ce a sayar?

Shekarar da Awini ya rasu, Yaya ya zo kasuwar shanu a Bawku. Ban san yana gari ba, sai na ɗaga murfin fuska na gan shi tsaye a ƙofar shago, ya tsufa, yana dogara sanda. Na ba shi kujera, na aika a kawo ruwa. Muka gaisa, muka tambayi gida. Ya daɗe yana kallon injin, fentinsa duk ya koɗe.

“Shi ne wannan?”

“Shi ne, Yaya.”

“Nuna mini abin da ya hana shi aiki.”

Na riƙe ƙaramin maɓallin har haruffa suka canza, na murza, na nuna masa. Ya sunkuya ya duba.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Ya koma ya jingina. Na ga dama ta samu, na ce masa abin da na daɗe ina so ya sani, cewa ban zauna da kaina ba, sai da na tambayi Mma ta ce in zauna. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, yana wurin, shi ya kai mata wayar.

“Da ta gama da kai ta miƙo mini, ta ce, Iddi, ni dai ba na jin zan ga baɗi. Na ce to bari in sake kiransa. Ta riƙe mini hannu ta ce in na kira ka ba ta yafe ba.”

Na ce, “To me take so ke nan, Yaya?”

Ya ce, “Ni ma abin da na zo in tambaye ka ke nan.”

Muka zauna, ruwan yana gabansa bai sha ba. Da aka kira la'asar ya miƙo mini hannu, na ɗaga shi, muka tafi masallaci tare.